Katangar Mushe Mahamud

Ranar da Mahamud, wanda ake kira Mushe kamar sauran ma'aikatan boko, ya ajiye aikin gwamnati, an yi masa 'yar walima a biro, wato ofishinsu, da lemo da biskit, aka yi alƙawarin ba za a taɓa mantawa da shi ba. Alƙawarin ya yi ƙarko har ƙarshen mako. Daga nan salularsa, wadda a da ba ta barinsa ya gama alwala, ta yi tsit kamar an yi mata rasuwa. Da abin ya dame shi ya kai ta wurin mai gyara a bakin kasuwar Dole. Mai gyara ya jujjuya ta, ya kira ta da tasa, ta yi ƙara raɗau. Ya miƙa masa ya ce, "Mushe, lafiyarta ƙalau. Kiranka ne dai ba a yi."

Shekara talatin da wani abu ya yi yana shugabancin wani ƙaramin sashe, da teburinsa, da hatiminsa, da mutum uku da ke miƙewa in ya shigo. Yanzu ba wanda ya rage a ƙarƙashinsa sai matarsa Wasila, ita kuwa ba a taɓa sanar da ita a ƙarƙashin wani take ba. Ya shiga zagaya gidan nasu na unguwar Birni, hannu a baya, yana leƙa tukunya, yana neman bayanin abin da ya sa gawayi ke saurin ƙarewa.

"Baban Zahra'u," in ji Wasila, "maza fa suna waje. Ga fadar su Mala Kolo can bakin lungu, je ka duba musu nasu gawayin."

Ya je. Mala Kolo maƙwabcinsa ne, Babarbare, tsohon maɗinkin huluna. Tun da matarsa Kellu ta rasu ya koma zaman ƙofar gida da butar shayinsa, duk wanda ya zauna nasa ne. Fadar ba ta da shugaba, ba ta da lokacin buɗewa, kowa na magana a kan maganar kowa. Mahamud ya gyara murya ya fara bayanin yadda za a magance ƙishirwar Damagaram, bai kai ko rabi ba wani ɗan kabu-kabu ya ce a miƙo sukari. Ya dawo gida ya shaida wa Wasila wurin ba tsari.

Abin da ya ƙarasa shi wani taron suna ne a Zango. Yana zaune bisa tabarma cikin jama'a sai ga ayarin 'yan asalin garin Dogo mazauna birni sun shigo cikin shadda iri ɗaya. Shugabansu ba kowa ba ne illa mutumin da ya taɓa yi wa Mahamud kai-kawo da takardu a biro. Aka jawo masa kujera mai hannu, maroƙi ya tsaga taro da "Farzidan ya iso!", aka ajiye masa cinyar rago a gabansa. Mahamud ya samu ƙashin wuya. Yana gwaguyarsa ne ya tuna ashe shi ma yana da gari.

Garin shi ne Kukar Sambo, wani ƙauye a ƙasar Droum. Yana ɗan shekara bakwai aka ɗauko shi daga can aka sa shi lekol, wato makarantar boko. Ya koma sau biyu, duka jana'iza ce, kuma bai kwana ba. Amma daga ranar sunan nan, in ya ce "garinmu" sai ya haɗa da ajiyar zuciya.

Ya bi gida gida yana haƙo 'yan asalin Kukar Sambo, ya kuwa same su, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai Alhaji Mutari, mai fataucin fatu da ƙiraga, wanda Allah ya ba dukiya da murya amma ba a taɓa miƙa masa abin magana a taro ba. Akwai Nazir, malamin lekol mai kusan shekara arba'in, wanda uwarsa na ƙauyen har yanzu tana jan ruwa da guga tun da famfo ya lalace, shi a wautarsa ya ɗauka maganar famfo za a yi. Akwai wani bakanike da ya daɗe yana neman hanyar da motocin Alhaji za su zo garejinsa. Wasu kuma sun zo ne don sun ji wane ya zo.

Ranar taron farko a zauren Mahamud, sai ga Mala Kolo da butarsa da gawayinsa.

"Wushe, wushe," ya gaishe su da Barbarci, ya nemi wuri.

"Mala, wannan fa taron 'yan Kukar Sambo ne," in ji Mahamud. "Kai kakanninka daga Barno suka zo."

"To, ta sama suka biyo? Kakana ya shayar da jakinsa a rijiyarku, ina da labari. Kuma duk kun kwashe mini mutanen fada. Ni kaɗai zan sha shayin?"

Aka dubi butar, aka dubi juna, aka karɓe shi a matsayin ɗan gari ta wajen jaki.

Aka raɗa mata suna Ƙungiyar Ci Gaban Kukar Sambo. Mahamud ya zama shugaba, ko farzidan kamar yadda ya fi so a faɗa. Alhaji Mutari mataimaki, Nazir sakatare. Aka yi ta rabon muƙami har kowa ya samu, saura bakanike, wanda ya tashi zai fita da fushi. Nan take aka naɗa shi mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, ya koma ya zauna yana gyara hula.

Rani guda suka yi suna reniyo, wato taro, duk Asabar. An tattauna launin shaddar ƙungiya har aka kusa dambe, kore ya yi nasara. An tattauna ko mataimaki zai zauna dama da farzidan ko hagu. Duk sa'ad da Nazir ya ɗaga hannu ya ce famfo, sai a ce masa ya bari a zo wurin. Mahamud kuwa ya murmure. Salula ta farfaɗo, tafiyarsa ta koma irin ta da, har gawayin Wasila ya samu lafiya.

Gab da faɗuwar damina aka yanke shawarar kai wa gari ziyara, don talakawa su ga 'ya'yansu. Suka yi shatar mota, suka cika ta da koriyar shadda. Bayan an bar kwalta motar ta kafe cikin rairayi, 'ya'yan gari suka sauko suka tura, ban da farzidan, wanda ya tsaya gefe yana ba da umurni.

Kukar Sambo kashi biyu ce, wasu gidaje a kan tudu, wasu a gangare wajen fadama, ana ce musu Tudu da Kwari. Direba ya tambaya ina zai tsaya. Mahamud ya ce a hau Tudu, kusa da kangon gidan ubansa. Bai sani ba, ko kuma bai tambaya ba, dangin Alhaji Mutari a Kwari sun yanka akuya tun safe sun shimfiɗa tabarmi suna jira.

A gindin kuka ya yi jawabi. Ya fara da Faransanci don a san ba wasa aka zo ba, sannan ya sauko Hausa. Yana tsakiyar bayanin makomar ƙauye a sabon zamani sai wata tsohuwa da ake kira Kaka ta matso da sandarta, ta kare ido da hannu, ta leƙa fuskarsa.

"Kai, ba ɗan Bawa ba ne wannan? Wanda ya tsere wa wanzami ranar kaciya aka zaƙulo shi cikin rumbu?"

Gari ya kwashe da dariya, har da 'yan koriyar shadda, kuma dariyar Alhaji Mutari ta fi ta kowa tsawo. Mahamud ya yi murmushin manya ya ce Kaka akwai barkwanci. Maigari ya yi godiya, ya ce su dai famfo ne damuwarsu. Farzidan ya tabbatar masa za a kafa kwamiti.

Ba su gangara Kwari ba sai da rana ta yi sanyi, nama ya sandare cikin kitse. Wani kawun Alhaji, tsoho mai raha, ya ce, "Ai halin 'yan Tudu ke nan. Tun zamanin kakanni da suka ari tambarinmu ba su maido ba." Yana faɗa yana dariya, don matarsa 'yar Tudu ce, tana ma zaune kusa da shi tana tsinke zogale. A ƙauyen maganar tambarin ta zama abin tsokana tsakanin taubasai. Alhaji Mutari bai yi dariya ba. Ya naɗe maganar tsaf kamar turare mai tsada, ya taho da ita birni.

Asabar ta gaba ya kwance ta a zaure.

"An wulaƙanta Kwari! An bar iyayenmu cikin rana! Yau aka fara? Ina tambarinmu?"

"Wane tambari kuma, Alhaji?" in ji Mahamud.

"Ka ji ko! Har ya manta!"

Ya tashi ya fita, rabin zaure ya bi shi. Kafin wata Asabar an haifi Ƙungiyar Ci Gaban Kukar Sambo ta Asali, da farzidan Alhaji Mutari, da shuɗiyar shadda. Mahamud ya ƙara wa tasa "ta Farko". Mutanen da suka shekara ashirin suna sallah sahu ɗaya ba su san wani Tudu ko Kwari ba suka koma gaisuwa da ka. Mai hulɗa da ƙasashen waje sai da ya kira gyatumarsa a salula ya tambaye ta shi ɗan ina ne, ta ce Tudu, ya ce ta sake tunani, don motocin Alhaji suna Kwari. Nazir, wanda ubansa ɗan Tudu ne uwarsa 'yar Kwari, ya zauna wurin Mahamud yana cizon yatsa. Mala Kolo kuwa ya ce shi jakin kakansa bai faɗa masa a wace unguwa rijiyar take ba, saboda haka yana zuwa duka biyun, Asabar nan, Lahadi can.

Ana cikin haka damina ta kankama. Wata rana bayan azahar aka tsuge da ruwa irin wanda ke sauko da ƙasa daga kan duwatsun Birni. Katangar gidan Mahamud ta ƙasa ce, tun ta uban Wasila, doguwa, ta bi bakin hanya. Ta jiƙa, ta yi ciki, ta kwanta gaba ɗaya a kan hanya da wani irin nishi. Allah ya tsare ba kowa kusa. Amma da ruwa ya ɗauke, duk mai wucewa yana ganin tsakar gidan farzidan kyauta: murhu, turmi, akuya, da gajerun wandunansa a kan igiya.

Wasila ta rataya zannuwa ta kare abin da ya karu. Mahamud ya kira reniyon gaggawa na ta Farko. Aka yi jimami, aka sha shayi, aka naɗa mutum uku su yi nazarin katangar su kawo rahoto cikin mako biyu.

Washegari da hantsi ya ji kukan jakai. Ya leƙo, sai ga amalanke bayan amalanke ɗauke da tubalin siminti, ga magina, ga shuɗiyar shadda, ga wani ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Alhaji Mutari na gaba, fuska cike da tausayi.

"Mushe, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya kiyaye gaba. Mu 'yan Kwari ba ma ganin mabuƙaci mu kau da kai, ko da ɗan Tudu ne." Ya juya wajen mai hoto. "Ka samu wannan? In sake faɗa?"

Mahamud ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige. Mabuƙaci! Ya koma ciki yana huci.

"Wasila, zan ce su kwashe tsiyarsu. Gara in kwana a fili."

"Kai ka kwana a fili," ta ce, ba ta ko ɗago daga wanke-wanke ba. "Ni in tubalin nan ya bar ƙofar gidan nan, bin sa zan yi har inda za a sauke shi. Jiya da 'yan kallo na tuƙa tuwo."

Ya fito ya yi godiya da haƙora a cije. Maginan Alhaji suka ja igiya suka fara daga kusurwar gabas.

Labari ya kai wa 'yan ta Farko kafin azahar. Mutanen da aka ba mako biyu su yi nazari suka bayyana cikin sa'a guda da cebur da kwando. A ce 'yan Kwari ne suka rufa wa farzidan ɗinsu asiri? Ina! Ba su da Alhaji a cikinsu, saboda haka tubalin ƙasa suka samo, suka ce ai shi ne gadon iyaye, ya fi sanyi, siminti na 'yan ƙarya ne. Suka fara daga kusurwar yamma.

Birni ba ta taɓa ganin gini mai sauri irin wannan ba. In gabas ta ɗora layi, yamma ta ɗora biyu. Dattawan da ke cewa bayansu na ciwo in an ce su ɗauki tabarma, ga su suna cuɗa laka, wando a naɗe har gwiwa. Mala Kolo ya kafa butarsa daidai tsakiya yana miƙa kofi dama da hagu. Mahamud na kai-kawo ta cikin gida yana duba aiki, a ransa kuwa yana addu'ar ɓangarensa ya riga kaiwa tsakiya, ko da zai rushe baɗi.

Da lokacin abinci ya yi, ya umurci Wasila ta raba kwano biyu.

"Tukunyata ɗaya, tirena ɗaya," ta ce. "Wanda tuwon Tudu yake so ya je Tudu."

Ta aiko da babban tire guda na tuwon hatsi da miyar kuka, aka dire shi kusa da Mala Kolo. Aka yi ta kallon tire, tire na kallon mutane. Yunwa ba ta san Asali ba, ba ta san Farko ba. Nazir ya fara wanke hannu, bakanike ya biyo, kafin a jima kore da shuɗi sun haɗa kai a kan tuwo. Farzidan biyu ne kawai ba su ci ba. Alhaji ya shiga motarsa ya ce yana azumin nafila, Mahamud ya shige ɗaka ya ce cikinsa ba daɗi. Haka aka yi ta yi duk kwanakin ginin.

Da katangun biyu suka zo haɗuwa, sai aka tsaya. Saura gibi kamar faɗin ƙofa. Alhaji ya ce simintinsa ba zai jingina da laka ba. Mahamud ya ce in 'yan Kwari suka ɗora tubalin ƙarshe za su ce su suka gama, in kuwa nasa suka ɗora za a ce sun yi wa Kwari ciko. Aka kwashe kayan aiki aka watse. Katanga ta tsaya rabi fara rabi ja, gabas ta fi yamma tsawo, da wawakeken gibi a tsakiya inda awakin unguwa ke shiga gaida Wasila. Masu ba da kwatance suka samu alama: in ka kai katanga mai launi biyu, ka yi dama.

Abin da shugabannin biyu ba su lura da shi ba, hira ta yi daɗi a bakin tiren nan. An gano wane taubashin wane ne, wane kuma ƙanwarsa ke auren wan wane. Nazir ya samu masu saurarensa a karo na farko, ya kuwa yi maganar famfo har ya gaji.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo da mutum huɗu, biyu kore biyu shuɗi, suka durƙusa gaban Mahamud da ladabi mai ban tsoro.

"Baba, mun zo da albishir. Ƙungiya ta haɗe."

"Alhamdu lillahi! Alhaji ya sauko ke nan. Ai na san zai gane kurensa."

"Wato, Baba, jama'a sun ga kun sha wahala, kai da Baba Alhaji. An ce bai kamata a ci gaba da ɗora muku nauyi ba. An ɗaga ku sama. Ku ne iyayen ƙungiya yanzu."

"Iyaye. To, wa ke jan reniyo?"

Nazir ya sunkuyar da kai. "Sun matsa mini, Baba."

"Mu kuma aikinmu fa?"

"Addu'a, Baba. In an buɗe taro, da in an rufe."

Washegari suka zo da ragowar tubali, na siminti da na ƙasa a cakuɗe, suka toshe gibin kafin rana ta take, ba jawabi ba hoto. Kafin kaka aka ji ruwa ya zubo a famfon Kukar Sambo. Mahamud ya ce an yi gaggawa, ba a bi tsari ba, kuma irin wannan gyara ba ya ƙarko.

Ya yi kwanaki ba ya fita. Ran nan da la'asar yana kishingiɗe a zaure aka yi sallama da wata murya da ba ta ɓuya. Alhaji Mutari ne, cikin farar riga, shi kaɗai, ba mai hoto. Suka gaisa sama-sama. Alhaji ya zauna bisa tabarma ya ce:

"Mushe, yaran nan ba su da kunya."

"Ko kaɗan, Alhaji."

"Mu muka kafa abin nan da guminmu."

"Da jininmu. Ni na bi gida gida."

"Ni kuma motata da tubalina. Wai addu'a! Limamai ne mu?"

Suka yi ta yi har aka kira magariba, kuma Mahamud ya yi mamakin yadda bai taɓa lura Alhaji mutum ne mai hangen nesa ba. Maganar tambari ba ta taso ba. Kafin su rabu sun kafa Majalisar Dattawan Kukar Sambo, don tsare tarbiyya da ja wa yara kunne. Da aka zo kan shugabanci aka ɗan yi tari, sannan aka daidaita: farzidan biyu, kowa da watansa. Wanda zai fara ne ya gagara. Aka ce a bar wa mambobi su zaɓa.

Suka nemi mambobi. Dattawan duk sun bi Nazir, don can ake ganin ruwa. Mutum ɗaya ya amsa kira, da butarsa a hannu.

Mala Kolo ya saurari ɓangaren kowa da natsuwa, ya ce magana ce babba, ba a yanke irinta da garaje, a ba shi lokaci ya yi istihara. Tun daga ranar, kullum da rana akushi na fitowa daga gidan Alhaji zuwa ƙofarsa, da shinkafa da nama. Da yamma kuma Mahamud da kansa yake tsayawa a kan Wasila ta cika kwano, ta sa man shanu, ya ɗauka ya kai, ya zauna ya yi masa bayanin bambancin ɗan boko da ɗan kasuwa wajen riƙon jama'a. Mala na ci yana gyaɗa kai, yana cewa lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan.

An yi girbi, an shiga sanyi, an fita. Mala Kolo ya yi kumatu, har ya sa an buɗa masa rigunansa. Duk wanda ya tambaye shi zaɓe sai ya ce yana nan yana dubawa.